Amaryar Cikin Alkuki

Ruwan da aka jiƙa kifin gishiri a ciki kwana biyu, shi Fortuna ta sheƙa wa yaron nan a ka ranar da ta fara ganinsa. Daga barandar hawa na biyu ta sako masa, roba guda cur. Ni Speranza ina zaune a gefenta, ban hana ba. Da ina da ƙarfin hannu ma ni zan miƙo mata ta biyu.

Ga yadda aka yi. A bangon gidanmu, nan lungunmu na tsohon garin Napoli, akwai alkuki mai murfin gilashi. A ciki akwai ɗan mutum-mutumin Uwa Maryamu, a ƙarƙashin ƙafarta hoton ƙanwata Brigida cikin farar rigar aure, sai ɗan jan ƙwan lantarki da ke ci dare da rana. Shekara hamsin da huɗu fitilar nan ba ta mutu ba, sai in an ɗauke wutar unguwa duka. Brigida ta rasu wurin haihuwar Carmine tana da shekara sha tara. Ni na goya shi, ni na yi masa aure, da matarsa ta rasu kuma na riƙe masa 'yarsa Fortuna. Shi ya sa take ce min Nonna. Wanda ya ce ba ni ce kakarta ba ya zo ya faɗa a gabana.

To sai ga wata sana'a ta shigo gari, wai yawon ganin fatalwa. Ƙarfe tara na dare ka ga ɗan jagora da baƙar alkyabba da malafa da fitila a hannu, baƙi wajen ashirin na bin sa kamar agwagi, kowa ya biya kuɗinsa don a tsorata shi. Su tsaya a ƙofar tsohuwar coci, su tsaya a bakin rijiyar da aka toshe, sannan su zo su yi cirko-cirko a gaban alkukinmu. Yaro ya yi ta zuba Turanci. Ni kuma ina sama ina jin daɗi, na ɗauka yabon Uwa Maryamu ake. Har hannu nake ɗaga musu, tsohuwar banza! Abu ɗaya ne ya dame ni. Yana tsakiyar magana sai fitilar ta mutu, baƙi su yi ihu, can ta dawo. Sau biyu na sa Carmine ya canza ƙwan.

Dare sha tara ana haka. Na ƙirga. Ban taɓa zama a aji ba, amma abin da ya wuce ta gaban idona ba ya ɓacewa.

A na sha taran ne Fortuna ta dawo gida daga otal ɗin bakin teku da take aiki lokacin zafi, ita kuwa tana jin Turanci. Ta fito baranda da robar kifi za ta canza ruwa, sai na ga ta sandare.

"Nonna, kin san abin da yake faɗa?"

"Addu'a ce, ko?"

"Wai amaryar da ke hoton nan ta shiga ɗakin miji da cikin wani matuƙin jirgin ruwa. Wai da ta haihu asiri ya tonu, ta rataye kanta a wannan barandar. Wai kullum dare tana yawo a lungu tana neman shegen ɗanta, in ta iso sai fitila ta mutu."

Ta rufe baki ke nan fitila ta mutu. Baƙi suka yi ihu. Fortuna ta juye robar.

Malafa ta yi can. Ya ɗago kai, ruwa na bin gashinsa, farar riga a ƙirji, baƙar alkyabba a baya.

"Ke! Lafiyarki kuwa?"

"Lafiya lau, hankaka! Kakata ce kake talla da ita. Wanda kake kira shege ubana ne, yana ɗaki yana barcin gajiya. In taso maka shi?"

Ya dubi hoton, ya dube ta. Wanda ya ga Fortuna ya ga Brigida, ido ɗaya, haɓa ɗaya. Na ga lokacin da yaron ya gane abin da ya taka. Na kuma ga wani abu daban, don ba yau aka haife ni ba: kunya ta rufe shi, amma ya kasa sauke ido daga kanta. Baƙin kuwa tafi suke, sun ɗauka duk cikin wasan ne.

Washegari da safe na zura kwando da igiya don mai burodi. Da na jawo sai ga fure da 'yar takarda a kan burodin. Na leƙa. Ga shi tsaye ba alkyabba, siriri, takalmi duk ya cinye.

"Donna Speranza, ina kwana. Sunana Nello. Haƙuri na zo bayarwa."

"Wa ya gaya maka sunana?"

"Mai burodi."

"Ashe ka iya tambaya. Dare sha tara me ya hana ka tambayi sunan wadda ke cikin hoton?"

"Kamfani ne suka ba ni labarin a rubuce. Sun ce tsohon zance ne, ba ta da kowa a duniya."

"Ba ta da kowa? To wa kake tsammani ke goge gilashin nan duk Asabar, fatalwar? An ce ka yi karatun tarihi shekara biyar. A mayar maka da shekarunka, an cuce ka."

 Ɗan ƙauye ne daga bayan dutse, ya zo birni ba aiki, sai wannan.

"Fitilar fa? Da wane hannu kake kashe ta?"

"Na rantse da Allah ban taɓa taɓa ta ba. Cewa suka yi da kanta take mutuwa."

Ban yarda ba. Fortuna ma ba ta yarda ba, amma takardar nan da lambar wayarsa a jiki ban ga ta shiga kwandon shara ba.

Ni a gidana akwai doka. Tunda ban iya karatu ba, duk saƙon da ya shigo ƙarƙashin rufina sai an karanta min da baki. Kuma ina gane inda aka tsallake, don murya tana yin tuntuɓe. Fortuna ce ta fara rubuta masa:

"Furenka yana alkuki don shi bai yi laifi ba. Kai kuwa kar in ƙara ganin ko inuwarka a lungunmu."

Ya amsa:

"Tun jiya na canza hanya, ta bayan coci muke bi. Har yanzu alkyabbata warin kifi take, kyanwoyin unguwa sun fi baƙina yawa. Hadarina, in dai ke ce za ki zubo, kullum zan tsaya ba laima."

"Hankaka, ka iya baki. Shi ya sa ake biyanka ka yi ƙarya."

"Waccan ce ta ƙarshe. Ranar Lahadi ƙarfe biyar ina bakin teku, wajen masu gasa masara. In ba ki zo ba, ba zan yi fushi ba, sai dai in dawo wata Lahadin."

Lahadi biyu ta shanya shi. Ta uku ta sa jar rigarta ta ce min za ta je gaida ƙawa. Na ce ta gaida min ƙawar, ta ce mata ta sayi takalmi.

Matakalar gidanmu ba ta riƙe asiri, abin da aka raɗa a ƙasa a kicin ɗina yake fitowa. Wata rana da yamma Nello ya rako ta, na ji su.

"Me kake kallo haka?"

"Na yi shekara biyar ina karanta matattu, Hadarina. Ba wanda ya gaya min rayayyu sun fi su ban tsoro."

"Ni ce abin tsoron?"

"In kin yi shiru awa ɗaya ba amsa, gabana faɗuwa yake fiye da na baƙina."

"Ka ci abinci yau?"

"Na ci."

"Ƙarya ta biyu ke nan. Ungo, da zafinta, Nonna ce ta soya. Kar ka ce na ba ka."

"Fortuna, ina sonki."

"Ci ka ƙoshi tukuna. Mai yunwa komai ya gani so yake."

Na ga fiza biyu, irin wainar Napoli, sun ɓace daga faranti. Na yi kamar ban gani ba.

Yanzu sai Egidio. Shi ne mai shagon kofi da ke jikin bangonmu, kusa da alkuki. Shekara uku yana zagayen Fortuna, duk Lahadi ya aiko wa Carmine da kek, "Don Carmine" sama, "Don Carmine" ƙasa. Ni dai ba na cin kek ɗinsa. Ranar da aka fito da gawar uwar Fortuna, duk shagon da ke lungu ya sauke ƙofarsa rabi, har mai gyaran takalmi da ba ma shiri da shi. Egidio kaɗai ya bar tasa a wangale yana zuba wa baƙi kofi. Shekara takwas ke nan. Shi ya manta, ni ban manta ba.

Da ya ga jar riga tana fita duk Lahadi, sai ya samo bidiyon da wani baƙo ya ɗauka, ya kai wa Carmine garejinsa na gyaran babur, ya fassara masa kalma kalma. Mu mun ɓoye wa Carmine zancen tun farko, don mun san halinsa. Ranar Carmine ya hawo matakala bibbiyu, hannu duk baƙin mai.

"Ina take? Ke! Da wanda ya kira ni shege a gaban duniya kike yawo?"

"Papa, bai sani ba. Ya daina, ya ba da haƙuri."

"Wa ya ba haƙurin? Ni? Uwata? Ban taɓa jin muryarta ba, ban san ƙamshinta ba, hoton nan kaɗai gare ni. Shi ma sai da aka zo aka tofa masa yawu, 'yata kuma ta bi mai yawun!" Ya juyo kaina. "Ke ma Zia, yayar uwata, kin sani kika yi shiru?"

"Na sani. Sauke muryarka, ba a gareji kake ba."

"In ya taka lungun nan sai na karya masa ƙafa. Ga Egidio, ɗan gida, mai sana'a, mai ladabi."

"To ka aure shi kai, Papa."

Ya ɗaga hannu. Bai taɓa dukanta ba, ranar ma bai yi ba, tebur ya sha. Kofuna uku suka tafi.

Har nan ina da bakin magana. Abin da ya biyo baya ni na ɓata.

Kwana biyar bayan haka, Fortuna ta tafi kwana wurin 'yar'uwar mamarta. Ƙarfe tara ina baranda sai ga fitila tana tahowa, ga alkyabba, ga malafa, ga agwagi a baya. Suka tsaya a gaban Brigida. Turanci ya zuba. Fitila ta mutu, bayan wata biyu tana ci lafiya. Idona ya yi rauni, daga sama malafa kawai nake gani, amma zuciyata ta riga ta yanke hukunci. Da safe na gaya wa yarinya:

"Hankakanki ya dawo kan mushe. Da idona na gan shi."

Ba ta yi kuka ba, jinin gidanmu ba ya kuka da wuri. Ta rubuta masa tana karanta min:

"Na yi faɗa da ubana saboda kai. Jiya ka dawo ka sake kashe min kakata. Kar ka kira, kar ka rubuto. Allah ya isa."

Ya amsa nan take:

"Ba ni ba ne, Hadarina. Ki ba ni minti biyar in yi miki bayani."

"Nonna ta gan ka. Ita ba ta ƙarya."

Ta toshe lambarsa. Sati biyu ba ta ci abin kirki ba, jar riga ta koma ƙasan akwati. Egidio kuwa kek ɗinsa ya ƙara girma.

Ni kuma barci ya ƙi. Ina zaune ina lura. Talata sun zo, fitila ta mutu. Laraba ta mutu. Har Lahadi. Ranar Litinin suka zo, mai alkyabba ya kai wurin da ake ihu, ya nuna fitila, ya jira, ya sake nunawa. Fitila tana ci abinta. Na ce to. Wa ba ya nan ranar Litinin? Shagon Egidio ne ke rufe ranar Litinin. Kuma in baƙi sun gama ihu, ina suke shiga su sha abin kwantar da gaba? Sai na tuna bara da ya sa sabuwar rumfa, ya ce min, "Donna Speranza, wayar fitilarku ta yi lako-lako, bari in gyara muku ita kyauta." Kyautar Egidio! Da ma tun ranar ya kamata in ji wari.

Shekara biyu gwiwata ba ta sauka matakala da dare ba. Ranar Talata na sauka, da sanda, ɗaya bayan ɗaya. Na shiga shagonsa na zauna.

"Donna Speranza! Yau wace rana? Me za a kawo miki?"

"Ruwa. Na famfo."

Suka iso. Da mai alkyabbar ya zo dab da ƙofa, na gan shi da kyau: ƙato ne mai tumbi da furfura a gemu. Ba Nello ba ne. Kayan ne iri ɗaya. Na gane na yi wa yaron ƙazafi, amma ban da lokacin nadama. Idona yana kan Egidio. Ya matsa a hankali, ya zura hannu bayan firiji. Na cafke wuyan hannun. Hannun da ya yi shekara hamsin yana ɗinkin safar hannu ta fata ba ya saki. Na danna yatsansa a kan makunnin, fitila ta mutu. Na sake dannawa, ta kama.

"Carmine! Jama'ar lungu! Ku fito ku ga fatalwa, na kama ta da hannuna!"

Tagogi suka buɗe har hawa na huɗu. Carmine ya sauko da singileti.

"Haba Donna Speranza, kasuwa ce kawai," in ji Egidio. "Matacce me ya sani?"

"Matacce bai sani ba, ɗansa fa? Wa ya ƙirƙiro zancen matuƙin jirgi?"

Mai tumbin ya cire malafa ya ce, "Signora, ni haya aka ɗauko ni. Shi ya kai wa kamfani labarin don a riƙa tsayawa a ƙofarsa. Yaron da ke yi a da ya ƙi tsayawa a nan, suka kore shi."

Mutum huɗu suka riƙe Carmine. Na ce su bar shi ya fizge wayar fitilar kawai, ya fizge ta har da rabin rumfar. Egidio ba wanda ya taɓa shi. Ba wanda kuma ya ƙara shan kofinsa a lungun nan. Mu haka muke hukunci.

Na hau sama na zauna a gaban Fortuna.

"Buɗe lambarsa. Rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara. Ni Speranza na yi maka ƙazafi. Malafa na gani, ban ga fuska ba, na rantse a kai. Ka zo gobe in faɗa maka a ido."

Sai a lokacin ta fashe da kuka. Ta ƙara nata a ƙasa:

"Hankakana, ka yafe min. Kana ina? Ka ci abinci?"

"Ina wanke kwanuka a tashar jirgi. Ban ci ba. Kin ga na daina ƙarya."

Ya zo. Na faɗa masa a ido, a ƙofar gida, a gaban mai burodi. Amma Carmine bai sauko daga fushinsa ba. Ya ce:

"Egidio ya dafa, na yarda. Amma bakin wa ya raba wa duniya? Nasa."

"Gaskiyarka," na ce. "Abin da aka ɗauka a gaban mutane, a gaban mutane ake mayarwa. Dare sha tara ya tsaya a nan ya ɓata mata suna. Dare sha tara zai tsaya ya gyara. Da Turanci don baƙi, da yarenmu don kai. Fortuna tana sama tana ji, in ya ƙara gishiri ta san inda roba take."

"Wa zai kawo masa baƙin? An kore shi."

"Ni zan nemo su, Don Carmine," in ji Nello. "Kyauta. Ko mutum ɗaya ne zan yi."

Carmine ya tofar da yawu gefe ya tafi gareji. Bai ce a'a ba.

Saurayin da uba bai kira ba ba ya hawa gida, don haka a ƙofa aka ajiye mana kujeru biyu, ina faɗa yana rubutawa. Na gaya masa Brigida ta fara ɗinkin safar hannu tana shekara bakwai, a gefena. Tana son waƙa ba ta iya ba. Rigar auren da ke hoton tawa ce, aka rage mata tsawo, kuma hoton nan shi ke nan aka taɓa ɗaukarta a duniya. Mijinta ɗan dako ne, bai yi shekara biyu bayanta ba. Na ce shi ke nan.

Ya ɗago kai. "Donna Speranza, ta ga jaririn kuwa?"

Shekara hamsin da huɗu ba wanda ya yi min wannan tambayar.  Sannan na ce Fortuna ta hau ta ɗauko min gwangwanin da ke bayan hotunan waliyyai.

Daren farko mutum shida ya samo a ƙofar coci. Ba alkyabba, ba malafa. Carmine na tsaye a bakin ƙofa ya harɗe hannu, rabin lungu na tagogi. Yaron ya faɗi sunanta cikakke, da na ubanta, da na mijinta. Ya faɗa da Turanci, ya maimaita da yarenmu. Ya ce ƙarya ya yi a nan a baya, ga gaskiyar. Da ya zo ƙarshe ya ce:

"Ta riƙe ɗanta awa ɗaya. Ta ƙirga yatsunsa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda mai ɗinkin safa ke yi. Ta ce, goma cif, kuma na auna daidai. Don tun tana da ciki ta tattara guntayen fata ta ɗinka masa wannan."

Ya buɗe tafinsa. Safar hannu guda biyu, kowace ba ta kai tsawon babban yatsa ba.

Carmine ya tako a hankali ya karɓa. Suka ɓace a cikin hannun nan nasa mai baƙin mai.  Sannan ya juyo kaina, idonsa jawur.

"Zia. Duk shekarun nan suna gidan nan?"

"Suna nan."

"Me ya sa?"

"Don ina fushi da kai. Ka zo, ta tafi. Na ciyar da kai, na tufatar da kai, na kwana a kanka da kake ƙyanda, amma wannan na riƙe. Abin da ta bar maka ne, na hana ka. Laifina ya girmi yaron nan da shekara talatin. In za ka karya ƙafa, fara da tawa, da ma ta lalace."

Ya zauna a dakalin ƙofa, ƙaton mutum, ya kifa kai yana kuka kamar ranar da aka haife shi. Baƙin nan shida ba wanda ya yi tafi. Wata tsohuwa a cikinsu ta je ta taɓa gilashin alkuki ta yi alamar gicciye.

Kar ku ɗauka ya yafe a daren. Carmine ɗana ne, ni na raine shi. Sai da yaron ya cika sha taransa, cikin sanyin Janairu, dare huɗu ana ruwa. Wani daren mutum biyu ya samu, wani daren talatin. Akwai daren da ba kowa, ya tsaya ya gaya wa kyanwa da mai gyaran takalmi. Kullum Carmine na ƙofa. Kullum saƙo na shigowa bayan an watse:

"Saura bakwai, Hadarina. Yau babanki ya gyara min sunan titin da aka haifi kakarki. Magana ce ai, ko?"

"Magana ce. Je ka cire rigar nan ta jiƙe, kar ka mutu min ka zama fatalwar gaske."

A dare na sha tara Nello ya gama, baƙi suka watse. Ya tsaya shi kaɗai yana kallon baranda. Carmine ya juya zai shiga, ya tsaya a mataki na biyu, bai waiwayo ba.

"Kai, hankaka. Taliya tana hucewa. Hau."

A watan Yuni aka yi bikin. Daren jajibiri Nello ya zo ƙarƙashin baranda da masu kiɗa kamar yadda ake yi, ya rera mata waƙa da muryar da ta tuna min da Brigida, don shi ma bai iya ba. Fortuna ta fito da robar nan, ita dai. Lungu ya ɗauki ihu, makaɗa suka tsere. Shi ya tsaya cak, ya buɗe hannuwa, ya rufe ido. Ta juye masa. Furen wardi ne, har ya rufe masa takalmi, takalmin kuma sabo.

Da suka fito daga coci, kafin a je wurin cin abinci, amarya ta biyo ta lungu da farar rigarta, ta buɗe gilashin ta ajiye furenta a gaban kakarta. Amare biyu, fuska ɗaya. Carmine da kansa ya ja wa fitilar sabuwar waya daga kicin, ba ta bi ta bangon kowa ba. Nello yanzu nasa yawon yake yi, kuma duk gidan da zai tsaya a gabansa sai ya ƙwanƙwasa ya tambaya tukuna. Safar nan kuwa tana aljihun Carmine na ƙirji, ya ce ba zai fitar ba sai ya ga wanda zai saka.

Na dafa kan ango da amarya na ce: Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu yatsu goma cif, ya ba ku tsawon rai ku ƙirga su da kanku. Kar ku kwana da fushi, ku dube ni ku ga tsawon da yake yi. Uwa Maryamu ta rufa muku asiri.

Sannan na jawo kunnen ango na ce masa, alkukin nan da sauran wuri a gefen Brigida. In aka sa hotona, ka faɗi gaskiya a kaina, har da mugun halin. In ka ƙara ko ka rage, ni ba sai an taɓa makunni ba, da kaina zan kashe fitilar.